Ranar da Na Yanke wa Kujera Ƙafa

Ƙarar cokali ce a jikin kwanon silba, sau biyu ko sau uku, sai a ɗan yi shiru, sai tari. Kullum bayan azahar nake jin ta ta bangon kicin ɗina, a gidan hayar da muka fara sauka a Bwari lokacin da aka dawo da maigidana aiki Abuja. Bangon ba shi da kauri, ba ya rufa wa kowa asiri. Ina wanke-wanke ina ji: cokali, shiru, tari. Tarin kuma ba na mura ba ne, wani jiƙaƙƙe ne, kamar na mai kurkure maƙogwaro. Na kusa wata guda ina saurare ina cewa ba ruwana, kafin wata Laraba na ɗauraye hannu na ja mayafi na zagaya.

Ku da ake turo mana yanzu da kakin bautar ƙasa, kuna shigowa ku ga kujerun kwali a jere a rana, ga tukunyar sitaci a kan wuta, sai ku yi murmushi. Ranar nan ina ji wata a cikinku tana ce wa 'yar'uwarta, "Wai wannan ne aikin? Ai tun a firamare muka yi shi." Ban ji haushi ba, don ni ma da haka na ɗauka. Amma tunda gwiwoyina sun fara gardama, kuma ku za a bar wa wuƙar yankan kwalin da tef ɗin awo, gara in rubuta muku yadda na koya, har da inda na ɓata.

Da na zagaya, na tarar da maƙwabciyata Talatu, wadda muke kira Maman Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta birkila. Tana zaune a dandaryar siminti, yarinya 'yar shekara huɗu kwance a cinyarta, kan ya langaɓe baya, tana ɗura mata kunu da cokali.

"Maman Sadik, shigo mana," in ji ta. "Haka muke fama kullum. In ba a kwance ba, ba ya shiga. Wuyan ba ya tsayawa."

Rifkatu ta sha wuya wajen haihuwa, ba ta yi kuka da wuri ba, abin ya taɓa wajen da ke juya gaɓoɓi a ƙwaƙwalwa. Hankalinta kuwa ras yake. Ina shiga ta juyo da ido ta ƙare wa mayafina kallo, sai ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ni dai sakandare na gama aka yi min aure, ban san komai game da irin wannan ba. Abin da na sani shi ne, ni ma in aka kwantar da ni rigingine aka zuba min kunu, sarƙe ni zai yi.

Ranar Asabar na raka Talatu wajen wata mata da aka yi mata kwatance, don kawai in riƙe mata jaka. Sista Keziya ke nan, mutuniyar Filato, ta yi ritaya daga ɓangaren gashin ƙashi na asibiti, ta mai da garejin gidanta wurin haɗuwar iyayen irin waɗannan yara. Ƙungiyar da kuke gani yau mai allo a ƙofa, a wannan garejin aka haife ta. Sista ta zaunar da Rifkatu tsakanin cinyoyinta, ta tallafe mata ƙeya da tafin hannu, ta sunkuyar da haɓar kaɗan, ta ba ta cokali ɗaya. Ya wuce ba tari. Ta ce abincin da ke sarƙe yaro ba ya ɓacewa, huhu yake gangarawa, can yake zama ya koma nimoniya, kuma wannan ne ke ɗauke yawancin yaran da take rasawa. Maganin shi ne yaro ya ci a zaune. Uwa kuwa hannu biyu gare ta, ba za ta riƙe ƙugu da ƙirji da kai ba sannan ta riƙe cokali. Saboda haka ake yin kujerar.

Ta dube ni na maƙale a bakin ƙofa da jaka. "Uwargida, kin iya dama koko?"

Na ce na iya.

"To, ajiye jakar."

Wata uku na yi ban taɓa yaro ba, sai dama sitacin rogo da yankan kwali. Sitacin da na fara damawa, Sista ta sa yatsa ta ɗago gudaji ta nuna wa matan da ke wurin. "Ku ga kokon da ake ba Alhaji! Bawan Allah, yana haƙuri." Sitacin manna kwali ana dama shi ne tsakanin koko da talge. In ya yi ruwa kwalin ya jiƙe ya kumbura, in ya yi kauri ya bushe ya ɓamɓaro. Mukan dafa ruwan da ganyen dogonyaro, don kyankyaso da gara ba sa son ɗacin. Kwali kuma yana da jijiya, layukan nan da kuke gani a cikinsa. In za ki haɗa falle uku, na tsakiya a gicciye ake sa shi. Wanda ya jera su duk fuska ɗaya ya yi tabarma, ba allo ba, ranar da yaro ya sandare ya banƙare sai bayan kujerar ya karye. Bayan manni sai a ɗora bulo a kai kwana uku. Ba biyu ba. Na taɓa ɗagewa a kwana biyu don ɗoki, allon ya lanƙwashe kamar kwasfar gyaɗa, Sista ta rataye shi a bango ta ce kada kowa ya sauke. Yana nan har yau, shi ne wanda kuke tambaya ko ado ne.

Kwalin daga kasuwar Dei-Dei muke samowa, wajen masu sayar da tayil da firji. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, shi ya riƙa ɗaure shi a saman motarsa ranar Asabar, abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ya koma ɗan gwangwan. Kafin ki ɗauki kwali, ki sansana. In ya ɗauki maganin feshi ko sabulun gari ko fenti, ki bar shi komai kyansa, don yaran nan suna lasar gefen kujera. Takardar da ake naɗe gefuna da ita ta buhun siminti ce, amma fallen tsakiya kaɗai, wanda siminti bai taɓa ba. A yage ta da hannu, kada a yanka da almakashi. Yagaggen baki ya fi kwanciya.

Maɗaurin ƙugu kuwa daga layin makanikai na Apo yake zuwa. Ranar da Sista ta fara aikena, na tsaya a rumfar wani makanike, Oga Sande, na ce bel ɗin kujerar mota nake nema, na motocin da suka mutu.

"Madam, wace irin mota ce taki?"

"Ta kwali ce."

Ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya kira maƙwabtansa, "Ku zo ku ga Hajiya mai motar kwali!" Na bari suka gama, sannan na yi masa bayani. Sai ya shiga cikin wata ƙonanniyar bas ya yanko guda shida. Bayan sati biyu sai ga shi a garejin Sista da ɗan ƙanwarsa a kafaɗa, shi ma irin yaranmu. Tun daga ranar, duk motar da aka farfasa a layinsu, bel da soson kujera namu ne.

Awo shi ne ƙarshen abin da aka koya min. Tef ɗin tela ne, fensirin kafinta, da haƙuri. Daga mazauni zuwa hammata, daga mazauni zuwa bayan gwiwa, a rage faɗin yatsa biyu don kada bakin kujera ya ci fata. Faɗin ƙugu. Tsawon ƙwauri, don tafin ƙafa ya sami abin takawa. Ƙafar da ke reto tana jawo jiki duka ya sandare. Ba a auna yaro yana kuka, jikin mai kuka ba shi ne jikinsa na gaskiya ba. Kuma da yaron ake magana, ba da uwar kaɗai ba. Rifkatu tana da 'yan kalmomi, sai dai kowace sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito, mutane kuma sukan ƙarasa mata don tausayi. Sista ta hana. "Ku jira ta. Ina za ku?"

Abu ɗaya ne a aikin Sista da ban taɓa so ba. Ba ta awo a gareji. Gida take bin yaro, kuma ba ta tashi zuwa sai daidai lokacin cin abincin rana. Ni a gidanmu an tarbiyyantar da mu cewa ba a faɗa wa mutane suna kan kwano, balle masu ƙaramin ƙarfi da aka auna tuwon daidai bakin gida. In muka iso na hango hayaƙi ya lafa, an shimfiɗa tabarma, sai ƙafata ta yi nauyi.

"Sista, don Allah mu ɗan tsaya a inuwar nan su gama."

"In sun gama me za mu gani?"

Ta yi sallama ta shiga, a ce mata bismillah, ta wanke hannu ta zauna. Loma biyu take yi, uku in miyar ta yi daɗi, idonta yana yawo. Nakan ga ta dafa ƙasa kusa da faranti, ta buɗe yatsu kamar mai auna taƙi, ban taɓa tambayar dalili ba, don ni a lokacin ina can gefe ina cewa na ƙoshi. Har na taɓa ce wa maigidana, "Sista mutuniyar kirki ce, sai dai akwai son tuwon mutane."

Kujerar Rifkatu ita ce ta farko da na yi da hannuna tun daga yanka har fenti. 'Yar guntuwa ce, ba ta da ƙafa, a kan tabarma take zama daram, da ɗan tudu tsakanin cinyoyi don kada yarinya ta zame, da matashin soso a ƙeya. Na shafa mata koren fenti ragowar na ƙofarmu. Sista ce ta ce a yi ta haka, ni na ɗauka gajartar don ƙarancin kwali ne. Cikin 'yan makonni abin da nake ji ta bangon kicin ya canza: cokali, shiru, cokali. Ranar da na lura na tsaya da soso a hannu na daɗe ina saurare, sannan na ce alhamdulillahi na ci gaba da wanke-wankena.

Shekara huɗu muka yi a haka. Mun yi wa 'ya'yan manoman ƙauyukan bayan Bwari, mun yi wa ɗan wani babban ma'aikaci da aka sayo masa kujera daga waje ya riƙa zamewa a ciki kamar kifi. Mun koyi cewa da damina kwali ba ya bushewa sai an jera shi kusa da murhu, kuma kaka ta fi uwa gardama amma in ta yarda ta fi ta riƙo. Daga nan ciwon ƙafa ya matsa wa Sista, 'ya'yanta suka zo suka mai da ita gida Filato. Ta rataya min tef ɗinta a wuya a gaban iyayen yara, ta ce, "Ga uwarku nan."

Abin da na fara canzawa shi ne zuwa gidan mutane. Na ce daga yau kowa ya kawo yaronsa ranar Talata da safe a auna shi a nan cibiyarmu, a kan benci mai tsabta. A yini ɗaya ina auna yaran da Sista take yin wata tana bi. Ba wanda aka ci wa tuwo, ba wanda aka kunyata. Na ga kamar na gyara aiki.

A shekarar ne wata babbar darakta a ma'aikatar su maigidana ta ziyarce mu. Hajiya ce mai tsoron Allah, ta taɓa yin ƙane irin yaranmu, ya rasu tana ƙarama. Ta ga yara a jere a kujerun kwali a kan tabarma, idonta ya kawo ruwa.

"Haba Hajiya Hauwa, a ƙasa? Yaran nan ba su isa a ɗaga su ba? A ce duk rayuwarsu ƙafafun mutane za su riƙa kallo?"

Maganar ta shige ni, don na ga gaskiya a ciki. Ta turo katako mai kyau daga Dei-Dei da kafinta. Muka yi kujeru masu dogayen ƙafafu, tsayin kujerar teburin cin abinci, da matakin ƙafa, da shuɗin fenti mai sheƙi. Awona ne a jikinsu, kuma ina tabbatar muku ko yatsa ɗaya ban kuskure ba. Aka kafa rumfa aka raba, aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka ɗauki hotuna. Rifkatu tana da shekara takwas a lokacin, ta fi ƙarfin kujerarta ta kwali, ta sami shuɗiya. Ba ma maƙwabtaka kuma, mai gidan hayar ya tashe su zai yi shaguna, sun koma wani ƙauye bayan Bwari inda baban yake noma doya in ba aikin gini. Ba bangon da zan ji komai ta cikinsa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Da damina ta yi nisa na ga yaran da ake kawowa ranar Talata suna ramewa. Na ce ko zazzaɓin damina ne. Ina tambayar iyaye, "Ya kujera?" Su ce, "Lafiya lau, Mama, Allah ya saka da alheri." Ko ɗaya ba ta ce min komai ba. Wata nas da na sani ta tare ni a kasuwa ta ce, "Yaranku fa sun fara yawa a ɗakin yara, duk ƙirji." Ban gama juya wannan ba Baban Rifkatu ya bugo waya, an kwantar da ita.

Na same ta da robar iska a hanci, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Allah ya taimaka ta tashi, bayan kwana tara. Ranar sallama likita ya kira ni da Talatu gefe, ya ce abinci ne ke shiga huhun, kuma in aka sake dawo da ita a haka, shi ba zai yi mana alkawarin komai ba. Na dubi Talatu, ta dubi ƙasa.

Na buga wa Sista waya na karanta mata awon duka daga littafina, lamba bayan lamba, ko za ta gano inda na kauce. Ta bari na gama.

"Awon ya yi," in ji ta. "Uwargida, yaushe rabonki da cin tuwon gidansu?"

Na ce ban taɓa ci ba.

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta shiga tambayar lafiyar Alhaji.

Washegari na yi azahar da wuri, na hau acaɓa, ban gaya wa kowa ina zuwa ba. Hanyar ta bi ta cikin kunyoyin doya da masara, laka har idon sawu. Ina hango gidan na ga an shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ƙafata ta yi nauyin da ta saba. Na yi sallama na shiga. Talatu da goyo a baya, ƙannen Rifkatu biyu, da surukarta, sun kewaye faranti ɗaya na tuwon masara da miyar karkashi. Rifkatu tana kwance a wani buhu can gefe, ta juyo da kai tana kallon hannuwansu.

"Ina kujerar?"

Talatu ta tashi ta ɗaga labulen ɗaki. Tana kusurwa, an lulluɓe ta da farin leshi, an ɗora Littafi Mai Tsarki da hoton ranar rabo a kai. Ko ƙura babu. Ita ce abu mafi kyau a ɗakin.

Na ce a fito da ita a sa yarinyar in gani. Sai da muka kama mu biyu, don nauyi. A tsakar gidan ba siminti, ƙafa ɗaya ta nutse, kujerar ta karkace, sai da aka sa dutse. Muka ɗora Rifkatu muka ɗaure bel. Ta zauna tsaf, kamar yadda na auna. Amma farantin yana can ƙasa, mutanen gidan duk suna ƙasa, ita kaɗai a sama kamar alƙali. Talatu ta ɗebo tuwo ta miƙe tsaye don ta kai bakinta. Da uwar ta tsaya a kanta, yarinyar ta ɗaga kai don ta dube ta, haɓa ta yi sama, wuya ya buɗe. Cokali ɗaya. Sai tarin nan, jiƙaƙƙen nan, wanda na sani tun daga bangon kicin.

"Kin gani, Maman Sadik," in ji Talatu. "A kai ma tari take yi. Kuma ba ta so. In ta ga 'yan'uwanta a ƙasa sai ta datse baki, sai kuka. Ni ga goyo, ga waɗannan suna faɗa a kan nama, ba zan tsaya a tsaye awa guda ba. Sai na bari kowa ya gama in ba ta a cinya, yadda muka saba da."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kyauta ce fa. Ga hoto an ɗauka. In ce me? In ce ba ta yi ba?"

A nan na tuna hannun Sista a ƙasa kusa da faranti, yatsu a buɗe. Ashe tsayin kwano take aunawa, da inda uwa take zama, da wanda ke kusa da wa. Ni yaro na auna, ban auna gidansu ba. Kuma ba rashin sani ya jawo ba, an nuna min shekara huɗu ina kallo. Kunyar faɗa wa mutane a kan abinci ce ta sa na tsaya a inuwa, su kuma kunyar kushe kyauta ta rufe musu baki, yara suna tari a tsakaninmu.

Na ce a samo min zarto.

Surukar ta dafe ƙirji. "Sabuwar kujera? In mai kyautar ta zo fa?"

"Ni zan gaya mata, Kaka."

Baban Rifkatu ya dawo daga gona ya tarar da ni durƙushe na kwantar da kujera ina ja mata layi da fensir. Ya tsaya ya kalla, ya karɓi zarton ya ce hannuna ba zai yi daidai ba, shi ya yanka ni na riƙe. Muka cire matakin ƙafa, muka rage ƙafafun har tafin Rifkatu ya taka tabarma da kansa. Na sa aka kifa daro a tsakiya aka ɗora farantin a kai, ya zo daidai hannunta. Na ce Talatu ta zauna a 'yar tsugunno, fuskarta ƙasa da ta yarinyar kaɗan, don in ta dube ta haɓa ta sauko.

Abin da ya biyo baya kun ji labarinsa. Sati uku na yi ina bin gidaje da zarto a jaka, kullum da azahar. Wata kujerar na same ta an ɗora mata tukwane, wata an kai ta coci limami yana zama. Na je ofishin Hajiya Darakta da guntayen ƙafafun a leda na zube mata a tebur na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta dubi guntayen ta ce, "Gobe ƙarfe nawa za ki fita?" Ta zo da atamfa da silifas, ta riƙe kujera ina yanka, ta ci tuwon dawa a gidan da ba ta san kowa ba. Har yau tana cikin masu riƙe da mu, Allah ya ƙara mata lafiya. Muka koma kwalinmu, don uwa tana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya zuwa gindin bishiya ko gona. Yara biyu daga cikin na shekarar nan ban same su ba, na makara. Allah ya jiƙansu, ya yafe min. Sauran sun yi ƙiba kafin kaka.

Saboda haka in na ce muku ba a awo a cibiya, ku je gida, ku je da azahar, in an ce bismillah ku wanke hannu ku zauna, kada ku ce Mama ta tsufa tana son wahalar da ku. Kunyar za ta kama ku, ni ma har yau tana kama ni a bakin ƙofa. Ku tafi da ɗan abin miya a jaka ku ajiye a kicin ba tare da magana ba, amma ku zauna. Ku dubi inda kwano yake, da wanda ke riƙe da cokali, da ko ƙasar siminti ce ko turɓaya. Kuma in uwa ta ce muku lafiya lau, ku gode mata, sannan ku ce a sa yaron ku gani. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da wannan aiki ta bangon kicin, ya ba ni malama mai haƙuri, da miji mai ɗaure kwali a saman mota, da iyayen da suka sake buɗe min ƙofa bayan abin da na jawo musu.

Amma bari in ƙarasa muku ranar da muka yanke wa kujerar Rifkatu ƙafa. Tuwon ya huce, Talatu ta ɗumama miya. Aka jawo guntuwar kujera cikin da'ira, tsakanin kakar da ƙanenta. Talatu ta murje loma da miya ta yi laushi, ta ɗebo rabin cokali. Ni ina tsaye a jikin mangwaro, garin katako a mayafina, ina saurare. Cokali, shiru. Cokali, shiru. Ƙanen ya miƙa hannu zai ɗauki naman da ke gabanta, ta ɗaga hannunta mai rawa ta buge nasa, kakar ta tuntsire da dariya ta ce, "Yau an gamu da mai gida!"

Talatu ta waiwayo. "Maman Sadik, bismillah mana."

Na ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi." Bakina ne ya faɗa da kansa, yadda ya saba.

Sai na ga Rifkatu ta daina tauna. Ta juyo da kai a hankali har ta same ni, leɓɓanta suka fara kokawa. Uwar ta buɗe baki za ta ƙarasa mata, na ɗaga mata hannu. Muka jira, har kakar, har yaran.

"Mama... Hauwa," in ji ta. "Wanke... hannu. Zo... mu ci."